Daga Farfesa Zuwa Maƙeri: Rayuwar Aikin Abdu Mumuni da Halin Ilimin Sana'a a Madawa, Buza da Keita

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun rayuwar aikin Farfesa Abdou Moumouni Dioffo (1929–1991), malamin kimiyyar fizik, masanin makamashin rana, kuma tsohon shugaban Jami'ar Yamai, domin a auna ra'ayinsa kan ilimin sana'a da abin da ido ke gani yau a gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa. Hujjar takardar ita ce, tsakanin ɗakin binciken farfesa da rumfar maƙeri akwai wani rukuni na ma'aikata, masu hannu da lissafi a haɗe, wanda makarantunmu ba su taɓa yayewa da yawan da ake buƙata ba, kuma rashinsa ne ya taƙaita amfanin aikin Abdu Mumuni kansa.

1. Gabatarwa



Duk wanda ya san fadamar Tarka a lokacin ban ruwan albasa ya san irin tashin hankalin da ke sauka a kan mai garka ranar da injinsa ya ƙi tashi. Albasa ba ta jira. Kwana biyu ko uku babu ruwa cikin zafin watan Maris, wahalar wata huɗu ta shiga haɗari. Mai garkar zai hau babur ya nemo wani saurayi da kowa ya san shi a yankin, mai riga baƙa ƙirin da man inji, ya zo ya kwance, ya busa, ya goge, ya ɗaura, inji ya tashi. In ka tambayi saurayin inda ya yi karatun wannan aiki, zai ambaci sunan maigidansa da garejin da ya yi shekara biyar ko shida yana miƙa sifana. Ba shi da wata takarda da hukuma ta sa wa hannu. In kuma ka tambaye shi dalilin da ya sa injin ke jan ruwa daga mita shida amma ya kasa daga mita goma sha biyu, zai ce haka injin yake. Ya san aikin sarai, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa nauyin iska ne ke tura ruwan sama, kuma wannan nauyi yana da iyaka.

Shi kuwa ɗalibin lise da aka koya wa nauyin iska a kan allo, ya rubuta a jarrabawa ya ci, bai taɓa riƙe sifana ba. Waɗannan samari biyu 'yan gari ɗaya ne, wataƙila ma 'yan gida ɗaya. Mutumin da zan yi magana a kansa ya ƙarar da rayuwarsa yana neman yadda za su zama mutum ɗaya.

2. Daga Tasawa zuwa Faris, da komowa

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yau, ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, sannan aka tura shi makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, wadda ita ce matattarar zaɓaɓɓun yaran Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa. Daga can ne Diori Hamani da Bubu Hama da Jibo Bakari da Modibo Keita na Mali suka fito. Manufar makarantar a fili take: ta yaye malaman firamare da akawuna da mataimakan likita, waɗanda za su riƙe wa Bature ƙananan kujeru. Abdu Mumuni bai tsaya a wannan iyaka ba. Ya wuce lise a Dakar, ya tafi Faris, ya karanci fizik, kuma a 1956 ya ci jarrabawar agiregasiyo, gasar da Faransa ke tace manyan malamanta da ita. Shi ne ɗan baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni. Digirinsa na dakta ya zo daga baya, a 1967.

Bai kasance ɗalibin littafi kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, FEANF, da kuma jam'iyyar neman 'yanci ta PAI wadda aka kafa a garin Thiès a 1957. Da Gini ta ce a'a ga tayin Janar de Gaulle ranar 28 ga Satumba 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta da malamanta cikin fushi, sai wasu ƙwararrun Afirka suka ajiye aikinsu suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su zauna babu malami. Abdu Mumuni na cikinsu, tare da irin su Joseph Ki-Zerbo, masanin tarihi. Ina ganin wannan tafiya ta bar masa darasin da ya bi shi har kabari: ya ga da idonsa yadda ƙasa ke tsayawa cik idan masu sanin yadda ake tafiyar da injuna baƙi ne, suka kuma ga damar tattara kayansu.

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan makamashin rana. Daga 1964 ya zauna a Bamako, inda ya koyar kuma ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A 1969 ya komo gida.

3. Littafin 1964

A shekarar da ya sauka Bamako ne kamfanin ɗab'i na Maspero a Faris ya fitar da littafinsa, L'Éducation en Afrique, wato ilimi a Afirka. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1968, an kuma sake buga shi a 1998. Abin lura shi ne, malamin fizik ne ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan farko da ɗan Afirka ya tsefe tsarin makarantun mulkin mallaka da su.

Ya fara da tarbiyyar gargajiya, kuma bai ɗauke ta abin raini ba. Ya nuna cewa al'umma gaba ɗaya ce ke renon yaro, cewa koyo da aiki tafe suke tare, cewa ana ba yaro nauyi daidai da shekarunsa. Mu da muka tashi a Adar, ƙasar Tawa, ba mu buƙatar a fassara mana wannan. Ɗan maƙeri yakan fara da ɗauko gawayi, ya koma kan zuga-zugi, ya yi shekaru yana kallon launin ƙarfe cikin wuta kafin a ba shi masaba ya doki uwar maƙera, kuma ba a barinsa ya ƙera gatari sai ya iya ƙera allura da 'yar wuƙa. Haka ɗan majemi, haka 'yar mai saƙar tabarma a ƙasar Madawa. Manhaja ce cikakkiya mai matakai da jarrabawa, sai dai ba a rubuce take ba. Amma marubucin bai ɓoye gazawarta ba: ilimin da ba shi da rubutu da lissafi yana wuyar taruwa, kuma ba ya tsallaka iyakar abin da maigida ya sani.

Daga nan ya juya kan makarantar Bature. Ya nuna ƙarancin yaran da ta ɗauka, da yadda ta raba su da harshensu, da yadda ta bar koyar da fasaha a can ƙasa, a matsayin wurin da ake tura wanda ya kasa. A Nijar, lokacin da aka sami 'yanci a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba. Ya kuma yi gargaɗin cewa sababbin gwamnatoci za su gaji wannan tsari su yi masa kwaskwarima kawai. Maganin da ya kawo ya haɗa da koyarwa cikin harsunan gida, da yaƙi da jahilci tsakanin manya, da ɗaga darajar kimiyya da fasaha, da ɗaure makaranta da aikin da ake ci da shi a ƙasa.

Ina roƙon a riƙe batun ƙasƙancin makarantar sana'a, domin har gobe yana nan. Uba a Buza zai yi farin ciki in an ce ɗansa ya wuce kwalej, fuskarsa kuma ta sauya in an ce an tura shi cibiyar koyon sana'a, ko da kuwa maƙwabcinsa mai walda ne ke ba shi rance duk ƙarshen wata.

4. ONERSOL: farfesa a cikin maƙera

Aikin da ya fi daɗewa a kai shi ne shugabancin hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985. A nan ne ake ganin malamin sana'a a cikin malamin jami'a, kuma a nan nake so in daɗe.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Nijar ba ta da teku, man da ake ƙonawa a lokacin daga waje yake zuwa da tsada, itacen girki yana ƙarewa, amma kowane murabba'in mita na ƙasarta yana samun kimanin kilowat-awa 5 zuwa 7 na hasken rana a kullum. Tambayar ita ce yadda za a kama wannan arziki da kayan da ɗan ƙasa zai iya yankawa, ya lanƙwasa, ya yi wa walda. Shi ya sa ya fi ba da ƙarfi ga zafin rana. Ɗauki na'urar dafa ruwan wanka. Akwati ne marar zurfi, cikinsa farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, an jera bututu a kansa, an rufe da gilashi, an cusa abin da ke hana zafi tsira ta ƙasa da gefe. Baƙin ƙarfe ya sha rana, gilashi ya tare zafin, ruwan da ya yi zafi ya yi sauƙi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Babu inji, babu lantarki, babu abin da ke juyawa balle ya lalace. Haka na'urar tace ruwa: kwano mai baƙin ciki, gilashi a karkace, tururi ya taru a jikin gilashin ya gangara cikin kwalba, a sami tsarkakken ruwan da asibiti da masu batir ke nema. Haka na'urar shanya kayan lambu. Sai kuma murhun madubi mai siffar ƙwarya, wanda ke tattara haske wuri guda a gindin tukunya. Hukumar ta ƙera irin waɗannan kayayyaki, har ta kai ga gwajin injin da zafin rana ke tuƙawa, tare da wani kamfanin Jamus.

Ku duba jerin nan da idon malamin sana'a. Kowace na'ura darasi ce ta fizik da ake iya taɓawa da hannu, kuma kowace tana buƙatar mai yankan kwano, da mai walda, da mai haɗa famfo, da mai yankan gilashi. Farfesan ya zaɓi fasahar da in ta karɓu za ta ciyar da masu sana'a na gida. Wannan zaɓi ne na ilimi da na siyasa, kuma a ganina daidai ne a zamaninsa.

To me ya sa ba mu ga waɗannan kayayyaki a kowane gida a Keita ba? Dalilai uku nake gani, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ya shafi murhu. Matan Adar suna girkin dare ne bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Tuwo yana son wuta mai ƙarfi da tuƙi da muciya, tukunya a dafe tsakanin duwatsu, mai tuƙin tana zaune a inuwa. Murhun madubi yana son a tsaya cikin tsakar rana, ana juya shi yana bin rana, ƙyalli na dukan ido, iskar hunturu na neman kifar da shi. Lissafin zafin daidai yake, amma ba a yi shi a gindin murhu tare da mai girkin ba. Wannan matsala ta sami murhunan rana a ƙasashe da dama, ba a Nijar kaɗai ba. Na biyu kuɗi ne: kwano da gilashi da bututu duk shigo da su ake yi, talaka kuwa bai ɗauki ruwan zafi abin sayen na'ura ba.

Na uku shi ne ya fi damuna. Na'ura ba ta yaɗuwa daga hedikwata. Tana yaɗuwa ne in akwai wani a Madawa da zai iya karanta zanenta, ya auna, ya ƙera, ya sayar, ya gyara in ta yi yoyo, ya kuma sauya mata fasali in mai saye ya yi ƙorafi. Wannan mutum ya fi maƙerin gargajiya lissafi, ya fi injiniya kusa da kasuwa. A shekarun 1970 makarantar da ke yaye irinsa da gaske a duk ƙasar Hausa ta Nijar ita ce lisen fasaha ta Maraɗi, wadda ake kira Ɗan Kasawa, kuma waɗanda ta yaye ma'aikatun gwamnati da kamfanonin ma'adinai na arewa ne ke kwashe su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Farfesa yana sama, maƙera suna ƙasa, tsani ya rasa matakalar tsakiya.

Daga baya duniya ta karkata ga farantan da ke mayar da haske lantarki kai tsaye. Nijar ma tana cikin ƙasashen da suka fara gwada su, wajen kunna talabijin na makarantu tun ƙarshen shekarun 1960. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, yanzu ga su nan a kowace kasuwa. Wannan alheri ne. Sai dai ba mu ƙera ko ɗaya, galibinsu daga Sin suke zuwa, abin da ya rage mana shi ne ɗaurawa da gyara, kuma shi ma yana neman wancan mutum na tsakiya.

5. Kujerar shugaban jami'a

Jami'ar Yamai ta fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973. Abdu Mumuni ya koyar da fizik a cikinta daga tsakiyar shekarun 1970 har ƙarshen rayuwarsa, kuma a 1979 ya gaji Farfesa Boubakar Ba, masanin lissafi, a kujerar shugabanci. Ya riƙe ta zuwa farkon shekarun 1980, yana kuma riƙe da ONERSOL a lokaci guda.

Sa'ar lokaci ba ta zo masa ba. Ya hau kujerar ne daidai ƙarshen garaɓasar yuraniyom. Daga 1980 farashin ya fara gangarowa, baitulmali ya soma ƙanƙancewa, ƙasa tana hannun mulkin soja na Seyni Kunce wanda ba ya sakin linzamin kowace ma'aikata. Duk wanda ya taɓa riƙe kasafin makaranta ya san abin da ake fara yankewa in kuɗi sun yi ƙaranci. Albashi ba ya taɓuwa, alawus ɗin ɗalibai in ka taɓa shi gari ya kama da wuta, saboda haka wuƙa takan sauka a kan ɗakin gwaji da kayan aiki da man injuna. Ajin da allo da alli suka ishe shi ya fi arha nesa ba kusa ba fiye da ajin da ke cin ƙarfe da lantarki. Ta haka ne jami'o'in Afirka da yawa suka zame zuwa karatun baka ba tare da wani ya yanke shawarar haka ba. Shekarun tsuke bakin aljihu da suka biyo baya sun kai ga ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai. Abdu Mumuni ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Ra'ayina shi ne, shugabancin jami'a shi ne mafi ƙanƙantar sashen gadonsa, ko da yake da shi aka fi tuna shi. Shekaru kaɗan a ofis ba su isa su juya tsarin da aka gina a kan samfurin Faransa ba, inda jami'a ke gefe guda, makarantun injiniyoyi gefe guda, koyon sana'a kuma can nesa ƙarƙashin wata ma'aikata dabam.

6. Abin da Adar ta koya ba a aji ba

Yanzu mu dawo gida. Cikin shekaru hamsin da suka wuce, ƙasar Adar da Dutsi da Majiya ta ga manyan makarantun sana'a guda uku, ko da yake ba wanda ya kira su da wannan suna.

Ta farko a kwarin Majiya ce, cikin gundumar Buza, inda daga 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoma suka dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. Mutane sun koyi renon iri, da tazarar dashe, da yadda ake sassabe reshe ba a kashe itace ba.

Ta biyu, wadda ta fi girma, ita ce aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984, cikin tsakiyar fari, da kuɗin ƙasar Italiya, da jagorancin hukumar FAO, da abincin da hukumar abinci ta duniya ke biyan ma'aikata da shi. An jera duwatsu a kan fako, an haƙa ramuka a jikin tsaunuka, an gina madatsai a ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi bida Najeriya da Kodebuwa da sauran wurare. Ana yawan ba da labarin Keita a matsayin labarin itatuwa. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne ilimin da ya zauna a hannun mutane. Jera dutse a kan layin da ruwa ba zai karkata ba aikin awo ne. Cika ragar waya da duwatsu ta tare ƙorama ba ta kife ba aikin gini ne. An sami direbobin manyan injuna, da makanikai, da magina, da shugabannin ayari mata da suka san yawan ramin da mutum zai haƙa a yini da zurfin da ya kamata. Wannan shi ne ainihin haɗa koyo da aiki da littafin 1964 ya nema. Amma da kuɗin waje suka janye, mafi yawan wannan sani bai sami makarantar da za ta ɗauke shi ta rubuta ta koya wa na baya ba, masu shi kuma ba su fita da takardar da za su nuna a wani wuri ba. Da dama daga cikin matan nan sun tsufa yanzu. In akwai aikin gaggawa ga ɗaliban jami'armu, to zama a gabansu ne da littafi da na'urar ɗaukar magana.

Ta uku ita ce albasa. Daga Galmi zuwa fadamar Tarka, noman rani ya haifar da sana'o'in da babu su a da: masu haƙa rijiyar bututu da hannu, masu gyaran injin ban ruwa, masu ƙera amalanke, yanzu kuma masu ɗaura famfon sola. Duk a gareji da bakin kasuwa aka koye su. Kurakuran da ake yi kuma iri ɗaya ne a ko'ina, kuma duk na rashin lissafi ne: siririyar waya a kan nisa mai tsawo, batir da aka haɗa ba tare da na'urar daidaita caji ba ya mutu cikin 'yan watanni, faranti da aka kafa yana kallon inda bai kamata ba, ƙura ta lulluɓe shi ba a gogewa. Darasin mako biyu zai gyara yawancinsu, in an yi shi da harshen da mai ɗaurawar ke ji.

Ga kuma tashar lantarkin rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, kusa da masana'antar siminti da ke can tun shekarun 1960. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta 2023, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa a lokacin, kowa ya tuna da mutumin Tasawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa tun 1969 yake fafarsa.

7. Harshe, takarda da maigida

Ba za a ce ba a yi komai ba. An buɗe cibiyoyin fasaha na jami'a a Tawa da Maraɗi da Damagaram a 2008, suka zama tushen jami'o'in da aka kafa a 2010. An baza cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai kuma asusun FAFPA mai tallafa wa horo. Sai dai a rabon fannoni, Maraɗi ce ta sami na injiniya, Tawa ta fi karkata ga sha'anin gudanarwa da kuɗi da shari'a. Jihar da ke da siminti da albasa da madatsai da tashar sola tana buƙatar sashen da ke warin ƙarfe.

Abu na farko da nake ba da shawara a kai shi ne harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin tafiyar da ƙasa da aka zartar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma littafin lantarki ko na walda da Hausa, wanda yaron gareji zai buɗe ya gane, har yanzu abin nema ne. Kalmomin suna nan a bakin masu aikin, wasu na gado, wasu an aro daga Faransanci, wasu sun tsallako daga Najeriya. Aikinmu shi ne mu tattara su kamar yadda ake faɗinsu, mu daidaita, mu ƙara abin da babu. Kada mu zauna a ofis mu ƙirƙiro kalmar da makanike zai ji ya kasa gane kayan da ke hannunsa.

Na biyu takarda ce. Saurayin da na fara da shi ya cancanci a jarraba shi a kan inji, da baki da hannu, a ba shi shaidar da za ta buɗe masa ƙofar ƙarin karatu da ta neman kwangila. Matasan Adar da ke tafiya bida suna isa Abijan ko Legas ko Libiya a matsayin leburori, alhali da yawansu ƙwararru ne. Takarda tana sauya kuɗin da ake biyan mutum a yini.

Na uku shi ne maigida. Masu gareji da maƙera su ne ke ɗauke da nauyin horar da mafi yawan matasanmu, suna ciyar da su, ba tare da ko dala daga kasafin ilimi ba. Tsarin da yaro zai yi kwana huɗu a wurin maigidansa, kwana biyu a cibiya yana koyon awo da lissafi da zane, ba zai yi aiki ba sai an ɗauki maigidan a matsayin malami, an ƙara masa sani, an biya shi.

Akwai gwajin da za a iya farawa da shi a bana, da kuɗi kaɗan. Albasa tana arha a lokacin cira, farashinta ya ninka bayan 'yan watanni, amma mai ajiya a rudu yana asarar kaso mai yawa saboda zafi da laima. Tumatir kuma ana shanya shi a ƙasa a yi kauɗa, ƙura da awaki suna bi ta kai, haka ma gabu. A haɗa ɗalibi ɗaya na jami'a, da malamin cibiyar sana'a, da mai walda na Madawa, da matan da ke yin kauɗar, su ƙera na'urar shanya irin wadda ONERSOL ta yi, da kayan da ake samu a kasuwar garin. Ɗalibin ya riƙa auna zafi da nauyi safe da yamma, matan su faɗi ko faranti ya yi musu tsawo, ko launin kauɗar zai sayu, mai walda ya faɗi nawa zai ƙera ta biyu in an ce ya yi goma. A rubuta rahoton da Hausa da Faransanci, sunayen su duka a bangon, a kuma bar zanen a hannun mai waldan.